Gahawa, Ɓeraye da Haihuwar Maigida: Abin da Ya Kamata Uwargida Ta Sani



Duk wadda ke cikin zaurukan mata na WhatsApp ta san irin saƙon nan: hoton kofin gahawa, jan rubutu a sama, wai "bincike ya tabbatar" shan gahawa yana kashe ƙwayoyin haihuwar namiji. Bayan kwana biyu sai ga wani saƙon yana tallar wata gahawa ta musamman da aka ce tana ƙara wa maigida ƙarfi. Abu ɗaya, wannan ya ce guba ne, wancan ya ce magani ne.

Matar da ta shekara biyu ko uku tana jiran ciki, har dangin miji sun fara kallon cikinta kafin su amsa gaisuwarta, ba za ta ɗauki irin wannan saƙo da wasa ba. Haka ma uwar da ɗanta saurayi ba ya iya karatun dare sai da lemon ƙara kuzari a hannu. Don haka yau za mu bi maganar daga tushe. Binciken da ake faɗa akwai shi, sai dai yawancinsa a kan ɓeraye aka yi, kuma wannan shi ne abin da masu tura saƙo suke cirewa.

Me ke cikin gahawar?

Gahawa, wadda wasu ke kira kofi, wasu kuma Nescafé ko da wane kamfani ya yi ta, asalinta daga ƙasar Habasha ne. Akwai ɗaruruwan sinadarai a cikinta, amma wanda ya fi suna shi ne kafeyin, wanda wani Bajamushe mai suna Friedlieb Runge ya fara ware shi a 1819. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ke taruwa tun safe yana sanar da jiki cewa an gaji. Kafeyin yana zuwa ya zauna a mazauninsa, sai saƙon gajiyar ya kasa isa. Shi ya sa ido ke bushewa. Hanta ce ke narkar da shi, kuma a jikin babban mutum mai lafiya sai an yi kimanin awa 5 kafin rabin abin da ya sha ya fita.

Kada wata ta ce ai mu a gidanmu ba a shan gahawa. Kafeyin ɗin nan yana cikin baƙin shayi da koren shayi da ake dafawa a majalisa, yana cikin lemon kola, yana cikin lemon ƙara kuzari, yana kuma cikin goro, wanda busasshensa ke ɗauke da kimanin kashi 2 cikin 100 na kafeyin. Maigidan da bai taɓa ɗanɗana gahawa ba amma goro ba ya barin bakinsa, shi ma yana cikin lissafin.

Ban da kafeyin akwai wani sinadarin da ake kira kulorojenik, mai taimaka wa jiki kare ƙwayoyinsa daga lalacewa. Akwai kuma wasu masu maiƙo guda biyu, kafestol da kahwiyol, waɗanda ke ɗaga kitsen jini idan ana yawan shan gahawar da ba a tace ta da takarda ba.

Abin da aka gani a jikin ɓeraye

Ana amfani da ɓera a ɗakin gwaje-gwaje ne saboda yana balaga cikin wata biyu, ana iya auna duk abin da ya ci, sannan a ƙarshe a yanka shi a duba 'ya'yan marainansa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Babu mai yi wa ɗan Adam haka. Farin ɓeran da aka fi amfani da shi, har a jami'o'inmu na Najeriya, shi ne wanda ake kira Wistar, sunan wata cibiyar bincike a birnin Filadelfiya na Amurka inda aka fara kiwonsa tun 1906.

Gwaje-gwaje uku sun isa su nuna mana hoton.

Na farko, a 1979 wasu masana a Amurka sun riƙa zuba wa ɓeraye maza kafeyin a abinci, rabin kashi ɗaya cikin 100 na duk abin da suke ci, tsawon watanni. Mafi yawansu 'ya'yan marainansu sun motse, samar da ƙwayoyin maniyyi ya lalace. Haka ya faru da waɗanda aka ba tiyoburomin, ɗan uwan kafeyin da ke cikin koko da goro.

Na biyu, a 2012 wasu masu bincike a Iran sun ba ɓeraye mata kafeyin a ruwan sha lokacin da suke da ciki da lokacin shayarwa. Da 'ya'yansu maza suka girma, an same su da ƙananan 'ya'yan maraina da raguwar ingancin maniyyi.

Na uku, a 2015 a Koriya ta Kudu an ba ɓeraye maza da ke gab da balaga kafeyin mai yawa kullum. Girman 'ya'yan marainansu ya samu tsaiko, aikinsu na samar da testosteron, wato sinadarin mazakuta, shi ma ya taɓu.

A ɗaya gefen kuma, akwai gwaje-gwajen da aka ba ɓeraye wani abu mai cutar da maraina, sannan aka haɗa musu da kulorojenik, sai ɓarnar ta ragu. Kuma an daɗe da sanin cewa idan aka ɗiga kafeyin a kan maniyyi a cikin faranti a ɗakin gwaji, ƙwayoyin sukan ƙara motsi na ɗan lokaci. To kin ga inda saƙonnin nan biyu suka samo asali. Mai son tsoratarwa ya ɗauki rukuni na farko, mai son ciniki ya ɗauki na biyu, kowa ya ɓoye kalmar ɓera. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu da muke danna "tura" ba tare da tambaya ba, da hannunmu a ciki.

Mu yi ɗan lissafi

Ɗauki gwajin 1979. Babban ɓera yana da nauyin kimanin giram 300, yana cin abinci kusan giram 20 a rana. Rabin kashi ɗaya cikin 100 na giram 20 shi ne miligiram 100. Wato kullum ɓeran yana cin kafeyin daidai da na cikakken kofi ɗaya na dafaffiyar gahawa, alhali namiji mai kilo 70 ya ninka shi nauyi sau fiye da 200.

Jikin ɓera yana sarrafa magani da sauri fiye da namu, don haka masana ba sa kwatanta kilo da kilo kai tsaye, sai sun raba adadin ɓera da kimanin 6. Ko da an yi wannan rangwamen, abin da zai yi daidai da shi a jikin maigida ya haura miligiram 3,500 a rana, kusan kofi 40, kullum, wata da watanni. Wanda ya gwada haka, bugun zuciya da karkarwa da amai za su kai shi asibiti tun kafin a zo maganar haihuwa.

Wannan bai sa gwajin ya zama banza ba. Aikinsa shi ne ya nuna wa masana inda ya kamata su duba a jikin mutane. A asibiti mun san cewa bambancin magani da guba yana ga awo. Kafeyin ɗin nan da kansa muna ba jarirai bakwaini shi a matsayin magani, a ɗan ƙaramin awo da likita ya ƙayyade, idan numfashinsu yana ɗaukewa.

To a jikin mutane fa?

An duba. A ƙasar Denmak an auna maniyyin samari 2,554 da suka je gwajin lafiya na shiga aikin soja, aka fitar da sakamakon a 2010. Waɗanda ke shan kafeyin daidai wa daida ba a ga bambanci tsakaninsu da masu shan ɗan kaɗan ba. Inda aka ga raguwa a fili shi ne wajen masu shan lemon kola fiye da lita ɗaya kullum: ƙwayoyin maniyyinsu kimanin miliyan 40 a kowace mililita, marasa shan kolar kuwa miliyan 56. Masu binciken sun lura cewa waɗannan samari sun fi cin abincin kan titi, sun kuma fi ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace, kuma kafeyin da ke cikin kola bai kai na gahawa ba. Ke nan zargin ya fi karkata ga tsarin rayuwar gaba ɗaya.

A 2017 wasu masana a Italiya sun tattara bincike 28 da suka ƙunshi maza kusan 20,000. A mafi yawansu, kafeyin da aka sha ta gahawa, shayi ko koko bai canja yawa ko motsi ko siffar ƙwayoyin maniyyi ba. Lemon kola da sauran lemo masu kafeyin ne suka sake fitowa da alamar illa. Wasu daga cikin binciken sun ga alamar karyewa a ƙwayar gado da ke cikin maniyyin masu sha da yawa, wanda hakan dalili ne na rage sha ga mai neman haihuwa.

A taƙaice, kofi ɗaya ko biyu na gahawa ko shayi a rana ba shi ne ke hana maigida haihuwa ba. Abin da ya cancanci sa ido shi ne wuce gona da iri, musamman ta hanyar lemo mai sukari.

Nawa ne ya yi yawa?

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, a rahotonta na 2015, ta ce babban mutum mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 a rana, kada kuma ya wuce 200 a zama ɗaya. Ga kimanin abin da ke cikin abubuwan da muka saba:

Kofin dafaffiyar gahawa: miligiram 95.
Kofin gahawar gari ta gwangwani ko leda: miligiram 60.
Kofin baƙin shayi: miligiram 45.
Gwangwanin lemon kola: miligiram 35.
Ƙaramin gwangwanin lemon ƙara kuzari mai mililita 250: miligiram 80. Mai rabin lita kuwa yakan kai 160.

Maigidan da ya sha Nescafé ɗaya da safe, shayi biyu a wajen mai shayi, kola ɗaya da rana, ya sha kimanin 185. Bai kai rabin iyaka ba, ki bar shi ya sha abinsa. Amma direban da ya sha manyan lemon kuzari biyu a hanya, ya ƙara da gahawa biyu, ya kai 440, ba a ma sa goron da ke aljihunsa ba. Shi ne ke buƙatar magana. Mai hawan jini, mai bugun zuciya da mai gyambon ciki kuwa, iyakarsu sai abin da likitansu ya ce.

In za a rage, a bi a hankali. Wanda jikinsa ya saba, idan ya daina kwatsam, ciwon kai da kasala da saurin fushi sukan taso masa cikin kwana ɗaya, su kai kusan mako. Don haka kada ki ɓoye masa gwangwanin ko ki zubar. A rage kofi ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, a kuma daina sha daga la'asar, domin rashin barci shi ma yana rage testosteron.

Mai ciki da samari

Nan ne gwajin ɓerayen ya fi shafarmu mu iyaye mata. Kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, shi kuwa hantarsa ba ta ƙosa ta narkar da shi ba. Ita ma uwar, a watannin ƙarshe jikinta yana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na lokacin da ya saba kafin ya fitar da shi. Adadin da aka ba ɓerayen Iran bai kai ko kusa da na 1979 ba, amma ya taɓa 'ya'yansu. Shawarar likitocin mata ita ce mai ciki kada ta wuce miligiram 200 a rana, haka ma mai shayarwa. Ki kuma raba shayi da lokacin shan maganin ƙarin jini da aka ba ki a wajen awo, ko da awa ɗaya ko biyu ne, domin shayi da gahawa suna hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe.

Samari kuma, tun 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce lemon ƙara kuzari ba abin shan yara da matasa ba ne. Hukumar Turai da na ambata ta sa iyakar yara a miligiram 3 ga kowane kilo na nauyinsu. Yaro mai kilo 40 iyakarsa 120 ke nan, babbar roba ɗaya ta wuce da shi. Lokacin jarrabawa ki duba jakarsa da ƙarƙashin gadonsa. Barcin awa takwas ya fi amfanar karatunsa da jikinsa mai girma fiye da duk abin da ke cikin robar.

Gahawar "ƙarfin maza"

Wannan ce ta fi ba ni tsoro. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gwada irin waɗannan gahawa da ake cewa zallar ganye ce, ta samu an ɓoye maganin Viagra ko makamancinsa a ciki. A 2017 ma sai da aka janye wata daga kasuwa saboda haka. Haɗarin shi ne, idan mai shan maganin ciwon ƙirji na zuciya irin naitiret ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Mai ciwon sukari ko hawan jini, wanda shi ne ya fi neman irin wannan taimako, shi ne kuma ya fi shiga haɗarin. Bugu da ƙari, ƙarfin kusantar iyali daban, ingancin ƙwayoyin maniyyi daban. Namiji na iya zama lafiya lau a shimfiɗa, a auna a samu babu ƙwaya ko ɗaya. Kada ki saya wa maigida irin wannan leda, ko ƙawarki ce ke sayarwa. Mai matsalar rauni ya ga likita, domin sau da yawa ita ce alamar farko ta sukari ko ciwon jijiyoyin jini.

Kada a bar jaki a doki taiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kimanin mutum 1 cikin 6 na fuskantar jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai matsala ta ɓangaren miji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Amma a asibitocinmu mace ce ke zuwa ita kaɗai, ta sha allura, ta sha hoto, ta sha jiƙe-jiƙe, wani lokaci har a yi mata kishiya, maigida bai taɓa ba da ko ɗigo a auna ba.

Abubuwan da aka tabbatar suna rage haihuwar namiji su ne: sigari da shisha da wiwi, taramol da makamantansa, allurar testosteron da magungunan ƙara ƙwanji, waɗanda kan tsayar da samar da maniyyi gaba ɗaya, ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, mai toshe hanyar maniyyi, kumburin jijiyoyin maraina, wanda ake gyarawa da ƙaramin aiki, tsargiya ga masu shiga rafi da madatsun ruwa, hangum idan ya kama namiji bayan balaga ya sauka ga maraina, ciwon sukari da ƙiba, da kuma yawan zafi a wurin, kamar na masu gidan burodi da direbobin doguwar tafiya.

Biyu daga ciki a hannunki suke tun yaro yana ƙarami. Lokacin wanka ki tabbatar 'ya'yan marainan jaririnki biyu sun sauko. Idan ya kai wata 6 ɗaya bai sauko ba, a kai shi asibiti, domin an fi son a yi gyaran kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi. Sannan duk yaron da ciwon maraina mai tsanani ya taso masa kwatsam, a garzaya da shi a daren. Idan murɗewa ce, awa 6 na farko su ne ke ceton marainan.

Idan an shekara ana tare ba tare da tsarin iyali ba kuma babu ciki, ko wata 6 idan matar ta kai shekara 35, ku je tare. Gwajin maniyyi ba allura, ba ciwo, kuma ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙin kuɗi. Ana so ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ya bayar. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana son ƙwayoyi su kai miliyan 16 a kowace mililita, kuma aƙalla kashi 42 cikin 100 su kasance masu motsi. Sakamako ɗaya mara kyau ba hukunci ba ne. Jiki yana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya kammala sababbin ƙwayoyi, don haka zazzaɓin da ya yi wata biyu baya ma na iya ɓata sakamakon, shi ya sa ake maimaitawa bayan wata uku. Saboda wannan dalilin, wanda ya bar sigari ko ya rage lemo yau, sai ya yi haƙurin wata uku kafin a ga canji.

Na san faɗa wa maigida wannan magana ba abu ne mai sauƙi ba. Ki nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, ku biyu kaɗai. Kada ki ce "ƙila matsalar daga gare ka ne". Ki ce, "Maigida, an ce sai an duba mu biyu kafin a san maganin da za a ba ni, don Allah ka raka ni." Gaskiya ce kuwa, haka tsarin yake. In ya fi sakewa da likita namiji, a nemo masa. Haihuwa kyauta ce ta Allah, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba.

Daga yau, duk saƙon da ya zo miki da "bincike ya tabbatar", ki yi masa tambaya uku kafin ki tura: a kan mutum aka yi ko a kan dabba? Nawa aka ba su? Wa zai ci riba idan na yarda? Mai tambaya ba ya ɓata.

Ina jiran ra'ayoyinku a ƙasa, musamman waɗanda suka samu dabarar da ta shawo kan maigida ya yarda da gwaji, domin wata za ta amfana. A kiyaye sirrin gida, ba sai an ambaci suna ba. Allah ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, ya raya mana waɗanda ya ba mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.